Kwantirola Ba Ta da Murya: Sharhi kan Gyara Saiti da Ajiye Shi



Sharhinmu na yau na 'yan situdiyo ne, masu haɗa kiɗa a kwamfuta, da yaran da ke koyon aikin a hannunsu. Wanda ba sana'arsa ba ce ma kada ya murɗa akwatin rediyonsa, domin waƙar bikin da aka yi wa 'yarsa, da tallan maganin da yake ji kafin labarai, yawanci ta wannan hanyar suka biyo kafin su iso kunnensa.

In ka leƙa situdiyo a Titin Gidan Zoo a Kano, ko a Kaduna, ko Jos, ko Maraɗi, da wuya ka rasa wani ɗan ƙaramin fiyano a gaban kwamfuta, wanda da ƙyar tsawonsa ya kai kamu guda. Wanda aka fi gani shi ne Akai MPK Mini: maɓallai 25, da 'yan allunan roba 8 da ake bugawa da yatsa, waɗanda 'yan situdiyo ke kira fad, sai mamurɗai 8 a gefe. Zare masa kebul daga kwamfuta ka ba shi wuta ta caja, ka danna har yatsunka su gaji, ko ƙis ba za ka ji ba. Babu ganga a cikinsa, babu sarewa, babu lasifika. Wannan ita ce kwantirola. Ɗan aike ce kawai, kuma abin da take kaiwa lambobi ne. Kwamfuta ce ke karɓar lambobin ta mai da su sauti.

Harshen da suke magana da shi sunansa MIDI, kuma ya girmi yawancin masu amfani da shi a yau. A watan Janairun 1983, a wajen baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Anaheim ta jihar Kalifoniya a Amurka, aka haɗa fiyanon Prophet-600 na kamfanin Sequential Circuits da Jupiter-6 na kamfanin Roland da waya guda, aka danna wannan, wancan ya amsa. Kafin nan kowane kamfani da nasa harshen, kayan wannan ba sa jin na wancan. Mutum biyu aka fi dangantawa da wannan aiki, Dave Smith Ba'amurke da Ikutaro Kakehashi ɗan Japan, kuma an ba su lambar yabo ta Grammy ta fannin fasaha a 2013. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Kakehashi a 2017, Smith a 2022, amma ƙa'idar da suka shimfiɗa tana nan daram. An sanar da sabuwa, MIDI 2.0, a 2020, sai dai kusan duk abin da ke kan teburan situdiyonmu da tsohuwar yake aiki.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Akwai tashoshi 16, kowane saƙo da tashar da yake bi. Kusan kowane abu ana auna shi ne daga 0 zuwa 127. Sautin da ke tsakiyar fiyano lambarsa 60. In ka danna shi, kwantirola ta ce: tasha ta 1, lamba 60, ƙarfin bugu kaza. In ka ɗaga yatsa ta ce an saki. Mamurɗai kuwa suna aika wani nau'in saƙo da ake kira CC, shi ma da lambobinsa da aka saba da su: 1 na girgiza murya, 7 na ƙarfin sauti, 10 na karkatar da shi dama ko hagu, 64 na fedar da ake takawa don sauti ya daɗe, 74 kuma galibi na hasken sauti, a buɗe shi ya yi kaifi ko a rufe shi ya dushe. A 1991 aka ƙara wani tsari, General MIDI, wanda ya jera kayan kiɗa 128 ya kuma keɓe tasha ta 10 ga ganguna. A can lamba 36 babbar gangar ƙafa ce, 38 ƙaramar mai ƙarar tas, 42 kuma faifan ƙarfe a rufe.

Yanzu duba jerin nan na 128. Akwai sita ta Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu kotso, babu gurmi, babu kukuma. Wanda ya tsara saitin da kwantirolarka ta zo da shi daga kamfani bai taɓa zama wajen kiɗan 'yan dambe ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ya tsara abin ne don manhajar kamfaninsa da irin kiɗan da ya sani. Laifin namu ne in muka shekara muna lanƙwasa yatsu don mu bi tsarinsa, alhali an ba mu damar mu sake shi cikin rabin sa'a. Ni a ganina wannan shi ne babban sakacin da ake yi da waɗannan na'urori a wajenmu: a sayo, a jona, a fara bugawa, manhajar gyaran saiti kuwa ko sauke ta ba a yi ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne. Waɗanda suka yi kiɗan finafinan Hausa da fiyanon Yamaha na jerin PSR tun ƙarshen shekarun 1990 sun san maɓallan Registration, inda mai kiɗa ke ajiye muryar da ya zaɓa da salon ganga da saurin kiɗa, ya danna ɗaya komai ya dawo. Wasu ma har a faifan filofi suke kwashewa su sa a aljihu. Abin da ya canza shi ne, a ƙaramar kwantirola allon da ke jikinta ɗan mitsitsi ne, wata ma ba ta da shi sam, don haka aka mai da aikin kan kwamfuta. Akai na da editarsa, wato manhajar gyaran saiti, ga kowane samfuri. Korg na da Kontrol Editor. Arturia na da MIDI Control Center. Novation na da Components, wadda har a cikin burauzar Chrome take aiki. Duk kyauta ne a shafin kamfanin.

In ka buɗe edita, hoton na'urarka za ka gani a allo, da 'yan akwatuna kusa da kowane fad da kowane mamurɗi. Ɗauki mamurɗi na farko. Akwai akwatin lambar CC da zai aika, akwai na mafi ƙanƙantar adadi, akwai na mafi girma. Mutane kan cika na farkon su bar sauran biyun a 0 da 127, alhali a nan daɗin yake. A ce ka ɗora mamurɗin a kan amsa-kuwwar muryar mawaƙi. Ka san ƙasa da 20 ba a jin ta, sama da 70 kuma sai ka ce a cikin rijiya yake rerawa. To sa 20 da 70. Yanzu duk zagayen mamurɗin ya zama naka, ɗan motsi kaɗan ba zai kwashe ka ya jefa nesa ba, kuma ko yaron shago ya taɓa ba zai yi ɓarna mai yawa ba. Haka za ka iya yi wa Auto-Tune, mai gyara muryar mawaƙi, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Da masu haɗa mana waƙa za su ɗaure masa iyaka a nan, da mun huta da muryoyin da suka koma kamar ta mutum ɗaya. Amma wannan zancen wata rana ne.

Sai fad. Kowanne da lambar sautin da yake aikawa, da tasharsa. A ce ka naɗo kalangu daga hannun makaɗi na gaske, ka yanka shi gida-gida: bugun sake, bugun matse, na tsakiya, da ɗan karaɗin da ake yi da yatsun hagu. Ka naɗo kuma kuntuku, wannan ƙaramar da ke riƙe wa kalangu zare. A ina za ka ajiye kowanne? In kai na-dama ne, bugun da ya fi yawan dawowa ya zauna ƙarƙashin manuniyar dama, riƙon zaren kuma a hagu, yadda hannayen biyu ba za su riƙa cin karo ba. Bahago ya juya abin. Akwai kuma zaɓin yadda na'urar ke jin ƙarfin bugu. Mai hannu mara nauyi ya zaɓi wanda ke saurin amsawa, mai dukan kawo-wuƙa ya zaɓi mai tauri. Akwai maɓallin da ke kafe kowane bugu a 127, kuma yara na sonsa don ƙara. Ga kalangu kashe shi ya fi, domin ganga mai magana in duk kalmominta da ihu take faɗa, ba ta ce komai ba.

Ga wani wuri da ake yawan ruɗewa. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake bin hawa da saukar harshen Hausa har mai saurare ya gane kirarin da ake yi. Duk wanda ya saurari makaɗan Alhaji Mamman Shata ya san wannan. A kwantirola abin da ya fi kusa da haka shi ne 'yar sandar lanƙwasa murya da ke gefen hagu, ko ƙafar roba a wasu samfuran. Wannan saƙon ya fi sauran laushi, matakai 16,384 gare shi maimakon 128, shi ya sa yake zamewa sumul. A edita za ka iya zaɓar ko sandar ta aika lanƙwasa ko ta aika CC. Amma nisan da muryar za ta hau ba a kwantirola ake sa shi ba. A cikin manhajar da ke fitar da sautin yake, kuma yawanci a kan rabin-mataki 2 sama da 2 ƙasa ake barinsa, wanda bai isa kalangu ya yi magana ba. Sai ka ga mutum ya wuni yana laluben edita yana tsaki, abin da yake nema yana ɗaya ɓangaren.

To, an gyara. Saura ajiya, kuma a nan ne ake kuka.

Saitin nan yana iya zama a wuri huɗu, kuma ba sa bin juna da kansu. Akwai wanda kake gani a allon edita. Akwai wanda na'urar ke aiki da shi a yanzu, a ƙwaƙwalwarta ta wucin-gadi. Akwai wanda aka rubuta a gurbinta na dindindin. Akwai kuma fayil a cikin kwamfuta. A editocin da yawa, buɗe manhajar ba ya nufin abin da ke allo shi ne abin da ke cikin na'urarka. Saitin kamfani ne kawai ta shimfiɗa maka. In ka canza abu ɗaya a kai ka tura wa gurbi na 1, ba abu ɗayan nan kaɗai ka tura ba. Ka tura dukan shafin, ka shafe duk abin da ke gurbin, kuma ba maɓallin da zai dawo da shi. Aikin da maigidan situdiyo ya yi wata da watanni yana gyarawa kan tafi ta haka, a hannun yaron da ya so ya canza lambar fad guda.

Don haka karɓa ke gaba da turawa. A editar Akai maɓallan sunansu Get da Send, kowane gurbi da nasa. MPK Mini na biyu gurbi 4 gare shi, na uku da ya fito a 2020 yana da 8. A manhajar Arturia ana ce musu Recall From da Store To, kuma a wasu na'urorinsu gurbin farko a kulle yake, ba ya karɓar rubutu. Korg nanoKONTROL2 kuwa gurbi ɗaya tak gare ta, abin da ka rubuta shi ke nan ya maye na da. Ko wacce ce, ka fara janyo abin da ke ciki zuwa allo, ka adana shi a fayil tun kafin ka taɓa komai, sannan ka yi gyaranka. In editar na da wurin turawa na gwaji, kamar Send to RAM na Akai, yi amfani da shi: na'urar za ta ɗauki sabon saitin ka gwada, gurabenka na nan lafiya. Sai dai ka tuna, wannan na wucin-gadi ne. Kwantirola daga kebul ɗin USB take shan wuta. A ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu, ko wani ya taka waya, ya tafi. In ya yi maka, rubuta shi a gurbi nan take, ka kuma adana fayil ɗinsa. Turawa daban, adanawa daban. Wanda ya tura bai adana ba, ranar da na'urar ta lalace ya rasa. Wanda ya adana bai tura ba, zai je wajen biki ya tarar da tsohon saiti na jiransa.

Wani zai ce: malam, ni ba na buƙatar duk wannan, a manhajar FL Studio sai in danna dama a kan abu, in zaɓi haɗa shi da kwantirola, in murɗa, shi ke nan. Gaskiya ne, yana aiki, kuma yana da sauri. Amma wannan haɗin a cikin kwamfutar yake zaune, a cikin wannan aikin ko wannan manhajar. Na'urar ba ta san an yi ba. Ɗauke ta ka kai situdiyon abokinka mai amfani da Cubase, babu abin da zai biyo ka. Abin da aka rubuta a gurbi shi ke tafiya da na'urar duk inda ta je. Masu wayo haɗa biyun suke yi: su kafe lambobin a na'ura, su gina samfurin aiki a manhaja wanda ke jiran waɗannan lambobin.

Tun da an ambaci manhajojin nan biyu, ga wani ɗan tarko. Sautin nan mai lamba 60, FL Studio na kiransa C5, Cubase da Yamaha na kiransa C3, wasu kuma C4. Sauti ɗaya ne, suna uku. In edita ta ce fad ɗinka na kan C1, manhajarka kuma na jiran C1 ɗinta, kana iya bugawa ka ji shiru, don suna iya saɓawa da tsani ɗaya ko biyu. Bi lamba, kada ka bi suna. Haka ma lambar zaɓen murya: wani kamfani daga 0 yake ƙirga zuwa 127, wani daga 1 zuwa 128. Ka nemi sarewa ka samu maƙwabciyarta, to ƙara ɗaya ko rage ɗaya.

In kuwa editar ta ce ba ta ga na'urar ba, kada ka yi saurin cewa an sayar maka da jabu. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Na ɗaya, a yawancin kwamfutocin Windows da muke da su, manhaja ɗaya ce ke iya riƙe ƙofar MIDI a lokaci guda. In FL Studio na buɗe, ta riga ta kama, edita sai ta tsaya a waje. Rufe waccan, buɗe wannan. Na biyu, kebul. Akwai na caji zalla, wanda babu wayoyin bayani a cikinsa. Fitilun kwantirola za su kama tar, ka ɗauka komai lafiya, alhali ko lamba ɗaya ba ta wucewa. Canza kebul kafin ka kwashi na'ura zuwa wajen mai gyara. Kuma lokacin da ake turawa, musamman in sabunta manhajar cikin na'urar ake yi, a yi shi a laftof mai caji, kada a dogara da wutar da ba ta sallama in za ta tafi.

Sunan fayil ma abin kula ne. Na sha ganin folda cike da "sabo", "sabo 2", "sabo na ƙarshe", "na ƙarshe gaskiya". Bayan wata uku mai su ma bai san wanne ne wanne ba. Sa sunan na'ura, da aikin da saitin ke yi, da kwanan wata: kalangu da kuntuku, muryar amshi, kiɗan biki. A situdiyon da mutum uku ko huɗu ke aiki da na'ura ɗaya, a raba gurabe, kowa ya san nasa, a manna 'yar takarda a ƙasan na'urar. Fayilolin nan ƙanana ne ƙwarai, ba su kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. A filash za su shiga, a imel za su shiga, ko ka tura wa kanka ta WhatsApp. Babu hujjar a ce suna wuri ɗaya, a kwamfutar da kowa ke soka mata filash ɗinsa.

Ajiye editar ita kanta. Kamfani kan daina kula da tsohon samfuri, manhajarsa ta ƙi buɗuwa a sabuwar kwamfuta, ko a neme ta a shafinsu da ƙyar. Mu kuwa da yawanmu na-hannu muke saye, daga Alaba a Legas ko a hannun wani da ya gaji da sana'ar, don haka tsofaffin samfura sun fi yawa a wajenmu. Editar samfuri na biyu ba ta yi wa na uku, ko da sunansu ɗaya. Duba bayan na'urar ka ga ainihin lambarta kafin ka kashe data.

Ko editar ta ɓace ma akwai sauran dabara. Abin da ke gudana tsakaninta da na'ura wani nau'in saƙon MIDI ne da ake kira SysEx, wanda ƙa'idar ta bar wa kowane kamfani ya yi sirrinsa a ciki. Yana farawa da F0, ya ƙare da F7, kuma bayan F0 lambar kamfani ce ke biye: 41 Roland, 42 Korg, 43 Yamaha, 47 Akai. Na'urorin da ke iya zubo saitinsu da kansu, kamar Behringer FCB1010 da masu jita ke takawa da ƙafa, mai gurabe 100, ana iya tare wannan saƙon da manhajar MIDI-OX a Windows ko SysEx Librarian a Mac, a adana shi, a mayar da shi duk ranar da aka so, ko babu editar kamfani.

Wanda ya sayi na-hannu kuma, kafin ka danna mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, janyo gurabenta ɗaya bayan ɗaya ka duba. Za ka ga yadda mai ita na da ya jera gangunansa, da inda ya ɗaure wa mamurɗansa iyaka, da tashar da ya keɓe wa kowane abu. Wani lokaci shirme ne, ka share. Wani lokaci kuma za ka tarar ya warware matsalar da kai ba ka ma kai ga gane kana da ita ba, sai ka adana fayil ɗin ka kwafi abin da ya yi maka zuwa naka gurbin.